Jan Fenti a Kan Allon Baba

Babana ya koyar a firamare har kansa ya yi fari, kuma ko bayan ya ajiye aiki mutanen Zagga ba su daina ce masa Hedimasta ba. Abin da aka fi saninsa da shi shi ne kyawun hannu. A shekarun da nake tasowa da wuya ka ratsa garin ba ka ci karo da rubutunsa ba: allon ɗakin shan magani, na injin niƙa, na mai faci a bakin tasha, har da ɗan ƙaramin allon da ke hana fitsari a bayan masallacin Juma'a. Bai ɗauki abin sana'a ba, ko goro ba ya karɓa. Yakan kwantar da katako a zaure, ya ja layi da zare da garin alli, ya zauna ya daɗe yana kallonsa, sannan ya tsoma buroshi. Inna takan ce ranar da yake rubuta allo ko taɓarya ba ta ɗagawa sai ya fito.

Ni ce na gaji allinsa a cikin 'ya'yansa. Ina koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata a Bagudo lokacin da mutumin da na aura ya dawo daga Kanada. Ɗan Bagudo ne, ubansa babban ɗan kasuwar albasa da shinkafa. Ya tafi karatu ya zarce da zama, ya dawo da 'yar furfura a gemu da niyyar shiga siyasa. Babu wanda ya tilasta mini. Na ji shi yana jawabi a wani taron makarantarmu, Hausarsa ba ta karye ba, Turancinsa kuma kamar a rediyo, na ce a raina ga mutumin da zan yi hira da shi har mu tsufa. Baba ya fi ni murna. Ranar da aka zo gaisuwa ya ɗauko tsohon ƙamusunsa, wanda Inna ta ɗinke wa bango da ƙyallen atamfa, ya nuna masa kamar yadda manomi ke nuna bijimin huɗarsa.

Bayan biki na fara gane halin maigidana. Ba ya iya wuce rubutu bai yi masa gyara ba. A baki Turanci iri ɗaya ne, amma a rubuce ya rabu. Mu irin na Ingila aka koya mana a makaranta, shi kuma muke koyarwa. Wayoyi da kwamfutoci sukan ja mutum zuwa irin na Amurka. Na Kanada kuwa ya ɗebo nan ya ɗebo can. Kalmar launi sukan rubuta ta colour kamar mutanen Ingila, amma tayar mota su rubuta tire kamar Amurkawa, ba tyre da muka sani ba. In ka bi littafin makaranta maigidana zai kama ka, in ka bi waya zai kama ka. A duk faɗin ƙaramar hukumar shi kaɗai ya san inda layin ya bi, kuma bai taɓa zama ya nuna wa kowa ba, har ni da nake ɗakinsa. Saƙon waya in na tura masa, ko da cewa gas ya ƙare ne, sai ya dawo mini da shi a gyare kafin ya amsa, wani lokacin ma gyaran ne kawai amsar.

Wata rana a hanyar Tsamiya, dab da iyakar Benin, tayarmu ta yi faci. Muka tsaya wurin wani dattijo mai rumfar kara. Yana durƙushe yana kokawa da noti, gumi na ɗiga daga haɓarsa, maigidana ya tsaya a kansa yana karanta ɗan allon da ya jingina da tsohuwar taya.

"Wa ya rubuta maka wannan?"

"Ɗana na, ranka shi daɗe. Shina sakandare."

"To ka cire shi, asara kake yi. Ko sunan abin da ubansa ke ci da shi bai iya rubutawa ba."

Dattijon ya yi dariya don bai san abin da zai yi ba. Da muka tashi na waiga, na gan shi tsaye da sifana a hannu yana kallon allon, shi da bai iya karanta ko harafi ɗaya a jikinsa ba.

Abu na biyu da ya dawo da shi shi ne gahawa mai ƙanƙara. Da zarar bazara ta kama, lokacin da ko bangon ɗaki ba ya taɓuwa da rana, kullum bayan la'asar sai an kai masa ita ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gida. Ba irin ta gwangwani da masu shayi ke zubawa ba. 'Ya'yan gahawa ne ake sayo masa a Segbana, can tsallaken iyaka. Ni zan soya su a kasko har su yi duhu, in daka a wani ƙaramin turmi da ya hana a sa ko citta a ciki, in jiƙa garin a ruwan sanyi tun magariba in rufe. Washegari da azahar in tace da farin ƙyalle, in sake tacewa. Ba sukari, ba madara. Ƙanƙarar ma ba ta Bagudo ba, ya ce ta nan tana ƙarnin kifi don a firiza ɗaya ake cusa su. Wani mai kabu-kabu da ke jigilar fasinja zuwa iyaka shi ke kawo mana dunƙule daga tsallake, a naɗe cikin buhu da garin katako, kafin ya iso rabi ya zama ruwa. In wanke ta, in fasa da bayan wuƙa, in cika tambulan. Sai ya ɗaga ya duba a hasken rana. In ya hango ɗan gari ya kwanta a ƙasa, ya kife a gindin bishiya ya miƙo mini tambulan ɗin ba tare da ya dube ni ba.

Mai neman kujera ba ya rasa baƙi. Manoma daga Kurgu, dattawa daga Bahindi, masunta daga bakin kogi, su zo cikin wannan rana maƙogwaro a bushe. Ya hana a kai musu ruwa sai sun shanye abin da ya ba su. Su ga tambulan yana raɓa, ƙanƙara na ƙara a ciki, su ɗauka zoɓo ne ko wani lemo, su kai baki da ƙarfinsu. Daga bayan labule nakan ga yadda fuskokinsu ke tsayawa. Ba dama su tofar a gaban mai gida. Shi kuma ya jingina da kujera yana bin su da kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Ku sha mana. Abin da manya ke sha ke nan a can."

Wani tsoho daga Kurgu ya taɓa tambaya, da gaskiyarsa, "Wanga magani na, ranka shi daɗe?" Aka yi ta dariya har da waɗanda suka zo tare da shi. In sun tafi ya shigo ya riƙa kwaikwayon fuskokinsu, yana jiran in yi dariya.

A bazarar da nake ba da labarinta, wasu abokansa na can suka aiko da kekunan ɗinki, ya gina ɗaki biyu a Zagga don koya wa mata sana'a. Ya zaɓi Zagga ne saboda yana neman ƙuri'un wannan yanki. Shi da kansa ya je ya durƙusa a zauren Baba ya roƙe shi ya rubuta allon da za a kafa a ƙofa. Baba ya kasa ɓoye jin daɗinsa. Da na je gida a ƙarshen mako na tarar har ya sa kafinta ya fere katako, ya saya fenti fari da shuɗi da kansa.

"Ɗiyata," ya ce da ni, "ki tambayo min mijinki wane irin rubutu yake so. Na ji an ce nasu na can daban ne. Kada in yi abin da zai ba shi kunya gaban baƙi."

Na tambaye shi a ranar da na koma, lokacin da na ajiye masa tiren gahawa. Ya kaɗa ƙanƙarar da ke cikin tambulan ya ce, "Mutumin da ya koyar da rabin ƙasar nan, ni zan koya wa rubutu? Ki ce ya yi yadda ya sani."

Na kai wa Baba saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya ce yaron nan akwai ladabi.

Ana saura kwana kaɗan a buɗe wurin na ga wani ƙaramin gwangwanin jan fenti da sabon buroshi a bayan mota. Na ɗauka na ƙofar gida ne, don ta fara tsatsa.

Ranar buɗewa an kafa rumfuna, an jera kujerun roba. Wakilin hakimi ya zo, da kansila, da liman, da malaman makarantun yankin, waɗanda yawancinsu ta hannun Baba suka bi. Mata suna gefe ɗaya, ni da Inna muna cikinsu. Allon yana rufe da farin yadi. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah, an ba shi kujera a sahun gaba. Da aka yaye yadin sai wuri ya ɗauki tafi. Ban taɓa ganin ya yi aiki mai kyau kamar wannan ba. Haruffan shuɗɗa ne a kan fari, kowanne tsaye da ƙafarsa, ba wanda ya fi wani ƙiba. Mai gabatarwa ya ce Hedimasta ya miƙe a gan shi, Baba ya miƙe yana ɗaga hannu.

Bai kai ga zama ba maigidana ya karɓi makirfo.

"Jama'a, kun san surukina malami ne. Ya yi shekaru yana duba aikin mutane da jan biro. Akwai wanda bai taɓa shan jan bironsa ba a nan?"

Aka yi dariya, dariya mai daɗi, Baba ma ya yi.

"To yau bari mu duba nasa."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya ɗauko gwangwanin nan, a buɗe, har an motsa shi. Ya ja kujera ya taka. A layi na biyu akwai kalmar Programme. Ya tsoma buroshi ya ja jan layi mai kauri a kan haruffa biyun ƙarshe. Ya gangaro layin ƙasa inda aka rubuta Organisation, ya danne harafin s ya ɗora ƙaton z a kansa. Fentin ya yi ruwa, sai ya riƙa zirarowa yana ratsa haruffan da ke ƙasa.

"Mutanen da suka aiko da kekunan nan za su ga hoton wannan allo," in ji shi. "Ku so su ce a garinmu ko rubutu ba a iya ba?" Ya juyo daga saman kujerar. "Nawa za mu ba shi?"

Sai kansila, wanda na san Baba ya sha zane shi a aji uku saboda rashin wanka, ya ɗaga murya ya ce, "Sihili, yadda yake ba mu." Nan dariyar ta fashe da gaske. Malamai suna dukan cinya. Matan da ke kusa da ni ba su san abin da aka rubuta ba, ba su san abin da aka soke ba, amma da suka ga maza na dariya su ma suka kama, suna rufe baki da gyale. Maigidana ya zana ƙaton sifili a kusurwar allon, a ƙarƙashinsa ya rubuta abin da malamai kan rubuta a ƙarshen aikin daƙiƙin yaro, wato zo ka same ni. Ya karanta shi a makirfo, ya fassara.

Liman ya tashi ya ɗauki takalmansa ya tafi. Wakilin hakimi ya duƙar da kai yana jan carbi. Baba kuwa yana nan tsaye inda aka ce ya miƙe, murmushin bai bar fuskarsa ba, kamar ya manta yadda ake sauke shi. Babu wanda ya ce masa ya zauna. Aka ci gaba da jawabai, aka raba lemo, yana tsaye har sai da wani ya zo wucewa da kwali ya ture shi kaɗan, sannan ya zauna.

Ban shiga mota ba da aka tashi. Na bi Inna muka tafi gida a ƙafa. Bayan magariba Baba ya shigo ya gan ni zaune a ƙofar ɗakin Inna.

"Ke mi kike yi nan?"

"Baba, ba zan koma ba."

"Don mi?"

Na ce, "Ba ku yi kuskure ba. Yadda kuka rubuta haka yake a ƙamus, haka muke koyarwa, haka ake jarrabawa da shi."

"Ƙamusun ya tsuhwa," ya ce. "Mutum ya tahi ƙasar masu abin, ya zauna cikinsu, ya dawo ya ce na yi kure. In na yi kure ba sai a gyara min ba? Ni ban gyara ma wasu ba?"

"A gaban jama'a, Baba?"

"Ni a ɗaka nike gyara musu?" Ya gyara hularsa. "Ba ni son a ce ɗiyata ta kashe aurenta saboda harahi ukku. Gobe da sahe ki kama hanya."

Inna tana tankaɗe, ba ta ɗago ba. Sai da ya fita ta ce, a hankali, "Tun da ya dawo ko ruwa bai sha ba."

Na koma. Maigidana bai tambaye ni inda na kwana ba. Abin da ya ce kawai shi ne jiya ba a jiƙa gahawa ba, don haka yau babu.

Ranar kasuwar Bagudo da ta biyo baya, bayan la'asar, na ji sallamar Baba a ƙofar gida. Ya hau kabu-kabu tun daga Zagga cikin wannan zafi, rigarsa ta manne da bayansa. Maigidana yana ƙarƙashin bishiya da wasu 'yan siyasa biyu. Bai miƙe ba. Ya nuna wa Baba benci.

"An ce in zo," Baba ya ce yana 'yar dariya, "ga ni na zo."

Ya ciro biro da wata takarda a ninke daga aljihu. Ya ce yana so a faɗa masa ƙa'idar, inda ake sa z da inda ake barin s, inda ake bin Ingila da inda ake barinta, don ya rubuta ya riƙe, in an sake ba shi aiki kada ya maimaita.

"Abin ba a koyonsa da girma, Baba," in ji maigidana. "Sai an zauna can ya shiga jiki. Kai dai ka huta." Ranar ce na fara jin ya ce wa Baba kai. Sai ya ɗaga murya ya ce a kawo wa baƙo abin sha.

Haƙoran Baba sun daɗe da lalacewa. Ko ruwan randa ba ya iya sha sai an ɗan bar shi a rana. Na zuba masa gahawar kaɗan, na cika da madara da sukari, ban sa ƙanƙara ba, na jera a tire tare da na sauran. Ina ajiyewa maigidana ya ga launin ya bambanta.

"Wannan na waye?"

"Na Baba ne. Sanyi yana taɓa masa haƙori."

Ya ɗauka ya kife a gindin bishiya. "Baba ba jariri ba ne. Kawo masa irin tamu, ki cika ƙanƙara."

Na dubi Baba. Ya yi mini alama da ido in tafi. Na je na kawo.

Ya karɓa da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kurɓa. Na ga tsokar kumatunsa ta motsa, idonsa na hagu ya kawo ruwa. Ya dafe muƙamuƙi da hannu ɗaya kamar mai tunani. Ya ci gaba da kurɓa a hankali, yana haɗiyewa da ƙyar, hawayen na bin gefen hancinsa yana sharewa da bakin hannun riga, har ya ga ƙarshensa.

"Madalla," ya ce. "Akwai sanyi."

"Ka gani? Har ka fara sabawa." Maigidana ya ɗauki jug ɗin gahawar da ke gefensa ya sake cika masa.

Na biyun Baba ya riƙe shi a cinya har ƙanƙarar ta narke, ana ta hirar zaɓe a kansa kamar ba ya wurin, sannan ya shanye. Ya ninke takardarsa ba ko ɗigo a jikinta, ya yi godiya, ya miƙe.

Na raka shi bakin titi. Yana magana da gefen baki ɗaya. Muna jiran abin hawa ya ce, "Z ɗin nan, ko'ina ake sa ta, ko sai wasu wurare?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ke da kike ɗakinshi?" Ya girgiza kai. "Ba ki da himma."

Sabon allo ya iso daga Birnin Kebbi bayan 'yan makonni, bugun na'ura a kan leda mai sheƙi. Ɗan wani jigon jam'iyya ne ya buga shi. Tun daga mota na hango kalmar farko da manyan baƙaƙe, Center, irin ta Amurka tsantsa, wadda maigidana ya sha cewa mutumin Kanada ba zai taɓa rubutawa ba ko da wuƙa a wuyansa. Na nuna masa.

"Bar shi," ya ce. "Wa zai karanta a Zagga?"

Allon Baba kuwa an jingine shi a bayan ginin, da jan sifilinsa yana kallon hanya, har sai da wata mai tuyar awara ta ɗauka ta kare murhunta daga iska.

Da damina ta sauka Baba ya fara fita da gwangwanin fenti. Ya bi tsofaffin allunansa ɗaya bayan ɗaya. Ya je wurin mai facin bakin tasha ya goge y a kalmar taya ya sa i. Ya je ɗakin shan magani, ya je ofishin manoma. Tunda ba wanda ya faɗa masa ƙa'idar, sai ya ƙirƙiro tasa, duk inda ya ga s a tsakiyar doguwar kalma ya mai da ita z, har a wuraren da ba wata ƙasa a duniya da ke yin haka. Sabon fentin bai dace da tsohon ba, allunan suka zama kamar riga mai faci. Malaman da suka yi dariya ranar buɗewa yanzu suka ce tsufa ya taɓa Hedimasta. Shugaban firamaren da ya gaje shi ya aiko a gaya wa Inna a hana shi zuwa kusa da allon makaranta, yana rikita yara. Samarin tasha suka sa masa suna Sihili. In ya wuce su kira, shi kuma ya ɗaga musu hannu, ban sani ba ko bai ji abin da suke cewa ba ne.

Na ba maigidana labarin, ina tsammanin ko zai ji wani abu. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce in ɗauko masa hotunan allunan zai tura wa abokansa.

Bai samu takara ba. Jam'iyya ta ba wani ɗan kasuwar shanu wanda ko sunansa da ƙyar yake sa hannu. Maigidana ya yi makonni yana zagin garin da mutanensa, ya ce ba su cancanci mutum irinsa ba. Kafin wata bazarar ya ce zai je ya sabunta takardunsa ya dawo. Ya tafi da akwati biyu. Bai dawo ba, sai saƙon saki da ya zo mini ta waya ina tsakiyar darasi, layi biyu, da Hausa. Na gama darasin, na ba yara aikin gida.

Da na kai wa Baba labari sai ya ce, "Mi kika yi mashi?" Ya yi wata da watanni ba ya amsa gaisuwata sai da kai. Na yi idda a ɗakin Inna, daga nan na koma gidajen malamai a Bagudo, inda nake har yanzu. Kekunan ɗinkin an rarraba su tsakanin matan 'yan jam'iyya, ɗakunan kuma kansila yana zuba shinkafa a ciki.

Baba ya daina fita da fenti da kansa, don idonsa ya yi yana, ba ya bambance layi. A Sallar da ta wuce na je gaishe shi, ya sa ƙanena ya kawo wayarsa, ya miƙo mini. Ya ce in rubuta wa tsohon mijina gaisuwar Sallah da sunansa, da Turanci, in ce masa dattijon Zagga yana gaishe shi, yana kuma ba shi haƙuri kan duk abin da ya faru. Na ce Baba a bar maganar nan. Ya ce ba shawara ya nema ba. Na rubuta. Ya sa na karanta masa, ya sa na sake karantawa harafi harafi, ya canza kalma ɗaya don yana shakkarta, sannan ya ce a tura.

Kafin in gama cin tuwo wayar ta nuna an buɗe saƙon. Amsa ba ta zo ba ranar, ba ta zo ba bayan nan. Duk zuwan da zan yi, bayan mun gaisa ya tambayi makaranta, sai ya ce a duba ko yaron nan ya amsa. Ni da ƙanena mukan ce bai gani ba tukuna. Sai ya ce ai can aiki ya yi musu yawa, a ƙara ba shi lokaci.